Babi na Shida: Katangar Garin Ƙarfe

Duk wanda ya bar Kano ta titin Haɗeja, ya wuce 'Yankaba da Tokarawa da Gunduwawa har ya kai Jogana, ya ga yadda birni yake cin karkara. Bakin titi katangun masana'antu ne da rumbunan ajiya da gidajen mai da garejin manyan motoci. Taku kaɗan a bayansu kuma gero ne da dawa da wake da gyaɗa, gona na jingine da gona, babu saura, babu daji. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gezawa mutum 282,069 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato sama da mutum 800 a kowace murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Wannan cunkoso na manoma shi ya ja hankalin Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, har ƙauyen Tumbau ya shiga littattafan jami'a a matsayin misalin yadda jama'a masu yawa suke noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. An yi rubutu mai yawa a kan takin da ake zuba wa wannan ƙasa. Ruwan da ke ƙarƙashinta bai samu irin wannan kulawa ba, alhali shi mafi yawan mutanen suke sha: rijiyar guga a tsakar gida, tuƙa-tuƙa a bakin masallaci, burtsatse mai tanki inda hali ya samu.

Mai jan ruwa da ma'auni uku yake aiki: ido da hanci da harshe. In ruwa ya yi garau, ba ya wari, ba shi da zartsi, sai a sha. Ma'aunin nan ya yi wa kakanninmu aiki, kuma har gobe yana kama laka da ruɓa da gishiri. Amma masana'antar zamani ta zo da wani dangin sinadarai da ke wuce duka ukun ba tare da an ankara ba, kuma a kansu wannan babi yake.

Aikinsu narkar da maiƙo. Biyu ne suka fi shahara: tiraikuloro-etilin, wanda ake taƙaitawa da TCE, da tetarakuloro-etilin, wato PCE. Dukansu ruwa-ruwa ne, fari tas, masu ɗan ƙamshi, kuma ba sa saurin kama wuta, wanda shi ya sa masu masana'antu suka fifita su a kan fetur. Bakaniken bakin titi da fetur ko kananzir yake wanke kayan inji, don haka ba a wajensa aka fi samun waɗannan ba. Gidansu shi ne inda ake wanke ƙarfe kafin a yi masa fenti ko a shafe shi da wani ƙarfen, da inda ake haɗa kayan lantarki, da masaƙun zamani wajen cire tabo, da gidajen wankin kwat irin wanda ba a sa ruwa, da wasu majemun zamani wajen cire kitse daga fata. An ma daɗe ana shaƙa wa marasa lafiya TCE a asibitoci don gusar da zafi, kafin a gane illarsa a daina.

Sunayen nan duk suna ɗauke da kulorin, kuma ba na son mai karatu ya rikita shi da kulorin ɗin da ake zuba wa rijiya lokacin kwalara. Wancan yana kashe ƙwayoyin cuta, yana ceton rai, a ci gaba da zuba shi. A nan kuwa kulorin ɗin a ɗaure yake da kabon: ƙwayar TCE guda ɗaya tana da kabon 2 da haidurojin 1 da kulorin 3, ta PCE kuma kabon 2 da kulorin 4. Wannan ɗauri shi ke sa su taurin kai. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa, waɗanda suke cinye taki da mushe har ma da fetur in an ba su lokaci, ba kasafai suke iya kwance shi da sauri ba. Abin da aka zubar yau, jikan wanda ya zubar yana iya tarar da shi.

Sai nauyinsu, wanda shi ne babbar musibar. Fetur ya fi ruwa sauƙi. In tankin gidan mai ya huje, man yana tasowa ya kwanta a saman ruwan rijiya, a ga ƙyallinsa, a ji warinsa, a yi ƙorafi. Lita ɗaya ta TCE kuwa nauyinta kilo 1.46 ne, ta PCE kilo 1.62, ta ruwa kilo 1. Saboda haka in sun tsiyaya daga durom, ba sa tsayawa a saman ruwan ƙasa. Ratsa shi suke yi su ci gaba da nutsewa, suna barin ɗigo-ɗigo tsakanin yashi, har su tarar da laka ko dutse su taru a kai, ko su shige tsagar dutsen. Daga nan sai ruwan da ke wucewa ya riƙa lasar su kaɗan-kaɗan yana tafiya da su, shekara goma, shekara hamsin.

Kaɗan ɗin ya isa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa kada TCE ko PCE ya wuce kashi 5 cikin biliyan ɗaya a ruwan sha. In aka yi lissafi da wannan ma'auni, lita ɗaya ta TCE za ta iya ɓata ruwa kimanin lita miliyan 290, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 sama da miliyan 11. A wannan mataki babu harshen da zai ji, babu hancin da zai kama. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa TCE cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, musamman ta ƙoda, ta sa PCE cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. A Disambar 2024 hukumar Amurkan ta fitar da dokar haramta TCE. Kafin nan an riga an sha wuya: a sansanin sojan Camp Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa, sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwa mai waɗannan sinadarai tsakanin 1953 da 1987, kuma ɗaya daga cikin mafarin gurɓatar wani gidan wankin tufafi ne da ke wajen sansanin.

Labarin da ya fi kusa da mu, mu da muke garin fata, a Ingila ya faru. A ƙauyen Sawston kusa da Kambirij akwai wata tsohuwar majema mai suna Eastern Counties Leather, wadda take amfani da PCE wajen cire kitse daga fatu. Har zuwa 1976 a durom ake kawo mata shi, kuma wajen juyewa akan samu ɗan zubewa a daɓen siminti. Ba wanda ya damu, don kowa ya ɗauka iska ce ke kwashe shi. A 1983 kamfanin ruwan Kambirij ya gwada wata burtsatsensa da ke da nisan kimanin kilomita 2 daga majemar, ya tarar da PCE, ya rufe ta. Aka shiga shari'a har zuwa Majalisar Iyayen Ƙasa ta Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A Disambar 1993 ta yanke cewa majemar ba za ta biya diyya ba, saboda a zamanin da aka yi zubewar babu mai hankalin da zai hango cewa ɗigon da ya faɗi a daɓe zai ɓulla a rijiya mai nisan haka. Hujjar ta yi aiki a kan abin da ya faru kafin 1976. Mai masana'antar da ya kafa a Bompai ko Gunduwawa a yau ba shi da ita.

To, in ruwa ya riga ya ɓaci, yaya za a yi? Dabarar farko da kowa zai kawo ita aka fara bi: a haƙa burtsatse, a zuƙo ruwan, a tace shi a sama da gawayi na musamman ko a hura masa iska sinadarin ya tashi, sannan a mayar. Bayan Amurka ta kafa dokar share gurɓatattun wurare a 1980, an kafa irin waɗannan injuna a ɗaruruwan wurare. Da farko abin yakan yi kyau, adadin ya sauka. Sai a kashe famfo, bayan 'yan watanni ya dawo. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin mayar da jarkar kananzir ta ruwan sha ya san halin: ka ɗauraye ta sau goma ta yi fes, ka zuba ruwa ya kwana, da safe warin yana nan, don kananzir ɗin ya riga ya shiga jikin robar. A 1994 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a mafi yawan wuraren da aka duba, wannan dabara ba ta mayar da ruwa yadda za a sha ba. Kuma ko da za ta yi, sai an tanadi wuta da dizal da ma'aikata da kayan gyara na shekaru talatin ko fiye. Mu da muka san yadda burtsatsen gwamnati ke tsayawa saboda famfo ɗaya ya ƙone, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mafita daga inda ba a zata ba ta ɓullo. A tsakiyar shekarun 1980, a Jami'ar Waterloo da ke Kanada, wani ɗalibi mai suna Glenn Reynolds yana binciken wace irin bututu ce ta fi dacewa da rijiyoyin gwaji. Damuwar lokacin ita ce bututun roba yana iya tsotse sinadaran ya ɓata sakamako, kuma ana ganin na ƙarfe shi ne abin dogaro. Ya jiƙa gutsattsarin roba da na ƙarafa iri-iri a ruwa mai irin waɗannan sinadarai, yana auna su lokaci-lokaci. A kwalaben da ke da wasu ƙarafan, sinadaran suka riƙa ɓacewa. Aka rubuta hakan a matsayin gargaɗi ga masu zaɓen bututu, aka wuce. Sai bayan wasu shekaru malaminsa, Robert Gillham, ya koma kan sakamakon ya yi tambayar da ta sauya fannin: in ƙarfe yana ɓatar da gubar a cikin kwalba, me zai hana a ajiye shi a kan hanyarta a cikin ƙasa? Shi da Stephanie O'Hannesin suka gwada sinadarai 14 da garin baƙin ƙarfe, 13 suka rushe. Sun buga sakamakon a 1994. Wasu masana a Amurka da Japan sun riga sun lura da irin wannan tun shekarun 1970 da 1980, amma mutanen Waterloo ne suka fitar da shi daga ɗakin gwaji suka kai shi cikin ƙasa.

Abin da ke faruwa tsatsa ce, ba wani abu ba. Baƙin ƙarfe ba ya son zama a yadda maƙeri ya bar shi. Kullum yana neman komawa tama. Hanyar komawar ita ce kowace ƙwayar zarrarsa ta saki ilektiron biyu, ta ba duk wanda zai karɓa. A sarari iskar oksijin ce ke karɓa, shi ya sa fartanyar da ta kwana a raɓa take yin ja. A ƙarƙashin ƙasa oksijin kaɗan ne, kuma ɗan wanda ke akwai yakan ƙare tun a bakin ƙarfen. To in ƙwayar TCE ta zo ta taɓa jikin ƙarfen, ita ke karɓar ilektiron ɗin, kuma da ta karɓa sai ɗaurin da ke tsakanin kabon da kulorin ya tsinke. Kulorin ɗin ya fita a matsayin kuloraid, irin wanda ke cikin gishirin miya. Abin da ya rage ya zama iskar asetilin, wadda masu walda ke samu daga kabaid, da etilin, wadda mangwaro da ayaba ke fitarwa in suna nuna, da 'yar'uwarsu etan. Dukansu kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa suna cinye su cikin sauƙi. Abin da zai shekara aru-aru yana yawo sai ya rushe cikin sa'o'i ko kwanaki. Kuma rushewa ce ta gaske: ba a tara gubar a wani wuri da za a zo daga baya ana neman inda za a zubar ba.

A 1991 aka yi gwajin farko a fili, a sansanin soja na Borden da ke lardin Ontariyo, inda masu bincike suka riga suka binne sinadaran da gangan a cikin yashi don su ga yadda suke tafiya. Aka haƙa rami a gaban gurɓataccen ruwan, tsawonsa mita 5.5, kaurinsa mita 1.6, aka cika shi da cakuɗen garin ƙarfe kashi 22 da yashi kashi 78, aka rufe. Ruwan wajen yana tafiyar kimanin santimita 9 ne a rana, saboda haka yakan yi sama da mako biyu kafin ya ratsa. Yana shiga da TCE kusan miligiram 270 a lita, yana fita kashi 90 cikin ɗari ya tafi. Na PCE kuma kashi 86. Shekara biyar ana aunawa, aikin bai ragu ba. Babu famfo, babu waya, babu mai gadi.

Daga nan abin ya bazu. A tsakanin ƙarshen 1994 da farkon 1995 aka gina katangar ƙarfe ta farko ta kasuwanci a Sunnyvale da ke Kalifoniya, a harabar wata tsohuwar masana'antar kayan lantarki, aka kwashe injunan zuƙo ruwan da suka daɗe suna aiki a wajen. Ta farko a Turai a Monkstown aka yi ta, kusa da Belfast, a 1995. Zuwa 2011 an ƙirga irin waɗannan katangu sama da 200 a duniya, mafi yawansu na ƙarfe.

Wadda ya kamata Bakano ya fi sani ita ce ta Elizabeth City, a sansanin masu tsaron gaɓar tekun Amurka. A can wani ɗakin shafe ƙarfe ya yi shekaru yana tsiyayar da kuromiyam cikin ƙasa, ga kuma TCE, duka suna gangarawa kogin Pasquotank. A Yunin 1996 wani inji mai haƙa yana cikewa lokaci guda ya shimfiɗa katanga mai tsawon mita 46, zurfin mita 7.3, kaurin santimita 60 kacal, da garin ƙarfe tan 450. Cikin yini ɗaya aka gama. Masanan hukumar muhalli sun bi ta sama da shekara ashirin, tana nan tana aiki. A kan kuromiyam aikin ƙarfen daban ne, don shi ba ya rushewa. Yana da siffa biyu: mai lamba shida, wadda ke narkewa a ruwa ta yi tafiya kuma take jawo kansa, da mai lamba uku, wadda ba ta cika narkewa ba kuma gubarta ba ta kai ta farko ba. Ƙarfen yana ba mai shida ilektiron ta koma mai uku, ta daskare a jikin tsatsa ta tsaya nan.

Kuromiyam kuwa ba baƙo ba ne a Kano. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, amma na zamani a Bompai da Sharaɗa da Challawa da gishirin kuromiyam suke yi. Mai lamba uku ce suke amfani da ita, sai dai tana iya juyewa mai shida in an ƙona tarkacen fata ko in ta haɗu da wasu ma'adinai a cikin ƙasa. Rafin Getsi yana kwaso ruwan Bompai ya zuba a Jakara, wadda ta riga ta ɗebo dattin cikin birni, su gangara madatsar Wasai da aka gina a 1976 a yankin Minjibir, maƙwabciyar Gezawa. A gaɓar wannan ruwa ake noman latas da kabeji da karas da alayyafon da ke cika kasuwannin gari. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero da wasunsu sun yi ta auna wannan ruwa da ƙasarsa da ganyensa, kuma abin da binciken ya fi karkata a kai shi ne ƙarafa masu nauyi, irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam. Aiki ne mai kyau, ya buɗe ido. Sai dai wanda ke neman TCE ko PCE ba a rafi zai nema ba. Suna saurin tashi su bi iska, don haka ruwan da ke gudana a sarari cikin zafin Kano ba ya riƙe su. Inda suke ɓuya shi ne ƙarƙashin daɓen da ake ajiye durom, da ramin zuba ruwan datti na bayan masana'anta, da tsohuwar bolar da aka rufe aka yi gini a kai. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar burtsatse, na ƙwayoyin cuta da gishiri da ƙarafa, ba ya ganin su ko da suna ciki.

Na yi imani katangar ƙarfe tana cikin 'yan fasahohin gyaran muhalli da suka dace da halinmu, kuma dalilina ba mai wuyar gani ba ne: duk wahalarta a farko take. In an gina ta daidai, ba ta jiran wutar lantarki, ba ta jiran kasafin kuɗin baɗi, ba ta damu da wanda ya ci zaɓe ba. Kayan aikin ma ba baƙo ba ne a ƙasar da tarihinta ya fara da maƙeran da suka zauna gindin Dala saboda tama. Garin ƙarfen da ake sayarwa don wannan aiki a Amurka daga ɓarɓashin da ke zuba a masana'antun ƙera injin mota ake yin sa: a gasa shi maiƙon jikinsa ya ƙone, a niƙa, a tankaɗe. Duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa ya ga tulin ƙarfen da 'yan gwangwan ke tarawa ya san ba ƙarfe za mu rasa ba.

Amma ƙaunar da nake wa fasahar ba za ta sa in ɓoye iyakarta ba, kuma wasu iyakokin kamar don Gezawa aka yi su.

Na farko naitiret. Shi ne abin da takin zamani da takin gida da masai ke bari a ruwan ƙasa, kuma ƙasar da ake noma kowace shekara, ga gidaje kusa da juna kowanne da shaddarsa, ita ce irin wadda ake sa ran samun sa da yawa. Naitiret shi ma mai karɓar ilektiron ne. Yana rige TCE zuwa jikin ƙarfen, kuma yana barin wata irin tsatsa mai tauri da ke lulluɓe ƙwayoyin ƙarfen ta hana su aiki. Katangar da za ta yi shekara talatin a wani wuri, a ruwa mai naitiret da yawa tana iya gajiya tun da wuri. Ruwa mai yawan alli shi ma yana barin ɓawo a tsakanin garin, ramukan su ƙuntata. Wani masani ɗan Kamaru da ke Jami'ar Gotingen a Jamus, Chicgoua Noubactep, ya daɗe yana jan hankali cewa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka zallar ƙarfe ba tare da yashi ba yakan toshe kansa. In katanga ta toshe, ruwa ba ya tsayawa. Kewaye ta yake yi ya wuce da gubarsa, na sama kuma suna zaune suna ganin an yi maganin abin.

Na biyu ƙasar kanta. Birnin Kano a kan tsohon dutse yake zaune, ruwansa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa. In aka nausa arewa maso gabas wajen Jigawa, dutsen yana nutsewa ƙarƙashin yashi da lakar kwarin Tafkin Chadi. Katanga ta fi aiki inda ruwa ke kusa, yana tafiya cikin yashi ta fuska ɗaya da aka sani, kuma akwai laka ko dutse a ƙasa da za a dasa gindinta a kai don kada ruwa ya bi ta ƙarƙashi. In guba ta riga ta shige tsagar dutse a zurfin mita arba'in, rami ba zai kai ba. A irin wannan hali akan tura ƙarfen ta bututu, wani lokaci a matsayin ƙura mai laushin da ido ba ya gani, irin wadda Wei-xian Zhang na Jami'ar Lehigh ya gabatar a 1997. Tana da saurin aiki, amma tana da tsada, tana dunƙulewa kafin ta yi nisa, kuma ƙarfinta ba ya daɗewa. Sannan ga burtsatsen da kowa ke haƙawa yadda ya ga dama: babbar burtsatse guda ɗaya ta gidan ruwan leda tana iya karkatar da tafiyar ruwan unguwa gaba ɗaya, ta bar katanga tana tsare hanyar da ba a bi.

Akwai kuma haɗarin rabin aiki. Wani kaso na TCE ba ya rushewa lokaci guda, sai dai kulorin ɗinsa ya riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan wannan hanya akwai binil kuloraid, wanda ya fi uwarsa guba. Iyakarsa a ruwan sha a Amurka kashi 2 ne cikin biliyan. Shi ma ƙarfe yana rushe shi, amma sai ruwan ya daɗe a ciki. Katangar da ta yi siriri da yawa tana iya karɓar guba ɗaya ta fitar da wadda ta fi ta. Saboda wannan nake roƙon mai karatu kada ya ɗebi ƙusoshi ko tarkacen gareji ya zuba a randa ko rijiya da sunan magani. Ƙarfen bola yana zuwa da baƙin mai da fenti, wani ma da dalma, kuma mutanen Zamfara sun ga abin da dalma ta yi wa yara sama da 400 a 2010. Gaskiya ne akwai matatun gida masu ƙarfe da suka ceci jama'a, kamar wadda Abul Hussam ya ƙera don ƙasarsa Bangaladash har ya ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007, amma wannan asenik take kamawa, kuma an auna ta an sake aunawa kafin a ba mutane. Tafasa ruwa yana rage TCE, sai dai cikin iskar ɗakin yake komawa a shaƙa. Alif ba ya taɓa shi. In ana zargin wata rijiya, abin yi shi ne a bar shan ta har a gwada.

Gwajin ma yana da nasa ladabi. Ba a ɗiba a gorar ruwan roba a ajiye a bayan mota. Ƙaramar kwalbar gilashi ake cikawa fal har ruwan ya yi tozo, a rufe ba tare da ƙwayar kumfa ko ɗaya ba, a sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwajin da ke da na'urar rarrabe iskoki cikin 'yan kwanaki. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, hukumar NESREA tana nan tun 2007, kuma a 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da majemu. Abin da hakimi ko dagaci ko shugaban ƙaramar hukuma zai iya nema, duk lokacin da aka zo neman fili a Jogana ko Tsamiya Babba don kafa masana'anta, shi ne a auna rijiyoyin maƙwabta kafin a aza tubali, har da waɗannan sinadarai, a ba jama'a kwafin sakamakon, a kuma haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido a gefen da ruwa ke gangarawa. Ba tare da sakamakon farko ba, ranar da aka samu guba babu yadda za a nuna daga ina ta zo.

Ɗaya aikin na jami'o'inmu ne, kuma bai fi ƙarfinsu ba. Kafin a gina irin wannan katanga, gwajin bututu aka saba fara yi. A samu bututu mai tsawon rabin mita ko mita ɗaya, a cika shi da garin ƙarfen da ake son amfani da shi, a huda ƙananan ƙofofi a jikinsa daga ƙasa zuwa sama, a riƙa tura ruwan wurin a hankali ta ƙasa, ana ɗiba a kowace ƙofa ana aunawa har tsawon makonni. Daga nan ake sanin sa'o'i nawa ƙarfen ke buƙata kafin ya rage gubar da rabi, a haɗa da saurin tafiyar ruwan wurin a fitar da kaurin katanga. Ɗalibin digiri na biyu a Bayero ko a Wudil zai iya jera irin waɗannan bututu: ɗaya da ɓarɓashin masu gyaran inji na Ƙofar Ruwa bayan an gasa shi, ɗaya an gauraya shi da yashin rafi, a shayar da su ruwan rijiyar Tumbau da na Wangara da na bakin Wasai, na damina daban, na rani daban, a ga wanne ne naitiret ya fi saurin kashewa, kuma a wata na nawa.